Shaddar Baba ta motsa

Yau bayan la'asar na je Agege na kai wa wani dattijo mai shagon yadi shafin intanet ɗin da nake haɗa masa. Daren jiya kafin a ɗauke wuta na saka Animate.css a ciki, wato wani shiryayyen fayil da ke sa abubuwa su motsa a shafin intanet, ba wani dogon aiki fa, layi ɗaya na jona a saman shafin sai na liƙa kalmomin da ke kunna motsin, wato animate__animated da animate__fadeInUp, a jikin hotunan shaddojinsa, na ɗan ba su tazara da animate__delay-1s da 2s don kar su fito tare, ko JavaScript, yaren da ake rubuta wa shafi umarni da shi, ban taɓa ba. Da ya buɗe a wayarsa hotunan suka riƙa tasowa daga ƙasa a hankali ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi shiru, ya gyara tabarau ya ce "ɗana, sake yi in gani." Sau huɗu ina sake loda masa wallahi, ga ƙarar janareton maƙwabta ga hon ɗin 'yan danfo amma idonsa na kan wayar.

Can ya ce "ai haka nake warware wa mai saye yadi, a hankali, ba a jefa masa." Na ce haka ne Baba. Da farko bounce na saka, shadda tana ta tsalle kamar ƙwallo, raina bai kwanta ba na cire ban ma san dalili ba. Har na iso gida maganarsa nake juyawa, ashe hannunsa ya gani a cikin wayar nan.