Injin Ban Ruwa da Rasit Mai Layi Ɗaya

A yankinmu na Kura da Garun Malam, da zarar ruwa ya ɗauke manoma kan shiga Kano su sayo injin ban ruwa saboda noman rani, kuma da yawa suna dawowa da rasit wanda aka buga wa gargaɗi a ƙasa cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Mutanenmu sun ɗauki wannan rubutu tamkar hukuncin alƙali, alhali ba shi da ƙarfi a gaban doka idan kayan sun zo da lahani.

Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, ta ba mai saye wata 3 daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su idan ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya dawo da kuɗi. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da cewa wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a abin da ya saya yana da zaɓin mayarwa.

A ganina, abin da ya fi kayar da manomi shi ne rashin hujja. Rasit ɗin yakan ce "inji ɗaya" kawai, babu lambar da ke jikin injin, wani lokaci ko kwanan wata babu, shi kuwa mai saye yana jin nauyin ya ce, "Alhaji, don Allah a rubuta mini lambar," kada a ce bai yarda da mutane ba. Idan injin ya ƙi jan ruwa kuma tumatir ya fara yaushi, ba zai iya jiran ranar shiga birni ba, sai ya kai wa makanikin ƙauye ya kwance shi. Daga nan magana ta lalace, domin mai shago zai nuna kusoshin da aka taɓa ya ce a hannunka ya ɓaci.

Shawarata ita ce, duk wanda injinsa ya ƙi aiki ya kira mai shago a ranar, ya ɗauki bidiyo da waya, ya mayar da shi cikin kwalinsa ba tare da an buɗe cikinsa ba. Idan aka ƙi saurarensa ya fara da shugabannin kasuwa, waɗanda sukan sasanta irin wannan, kafin ya kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano.