Ranar da duhu ya riske ni a kan dutsen Bear Mountain

Ƙannena da kuka zo Amurka karatu ko neman abinci, na san da Oktoba ta kama hotunan ganyaye ja da ruwan ɗorawa za su cika muku waya, har ranku ya biya ku je ku gani da ido. Ku je, wallahi abin kallo ne. Amma kafin ku ɗaura takalmi, ku ji yadda ta kaya da ni a shekarata ta biyu a Bronx, cikin birnin Niyok.

Ni da wani abokina muka nufi gandun shaƙatawa na Bear Mountain, mallakar jihar Niyok, a gaɓar yamma ta kogin Hudson, tafiyar kusan kilomita 80 arewa da birni. Da na ji tsayin dutsen bai kai mita 400 ba sai na yi dariya, na ce ni da nake hawa Dala tun ina ɗan firamare, wannan ai wasan yara ne. Raini ne ya fara kayar da ni tun ban taka dutsen ba.

Babban kuskurena lokaci ne. Ranar Lahadin farko ce ta Nuwamba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Wayata ta gyara kanta da dare, ni kuwa lissafina yana nan a na jiya. Ranar Asabar rana ta faɗi wajen shida saura kwata, ranar Lahadi kuwa biyar saura kwata. Sai da muka yi azahar, muka ci abinci, muka sha cunkoso, muka yi ta zagayen neman wurin ajiye mota, sannan muka fara hawa wajen biyu da rabi. Ga shi dutsen yana yamma da tafkin Hessian inda ake tasowa, don haka rana kan ɓuya a bayansa tun lokacinta bai yi ba. Yanzu duk dutsen da zan hau, lokacin magariba nake fara dubawa, in cire awa ɗaya, in ce kafin nan ina cikin mota. Daga nan nake lissafin lokacin fita daga gida.

Hanyoyi biyu aka fi bi zuwa ƙololuwa. Ɗaya wani yanki ce na hanyar Appalachian, doguwar hanyar ƙafar nan da ta taso daga Jojiya har Maine, kusan kilomita 3,500, wadda a wannan yankin aka buɗe sashenta na farko a 1923. Alamarta farin fenti a jikin itatuwa, kuma 'yan sa-kai sun jera mata matakala na dutse kusan dubu. Ɗayar ita ce Major Welch, mai tsaye, wadda a wasu wurare sai ka haɗa da hannu a kan falalen dutse. Waɗanda suka san wurin ta Major Welch suke hawa, su sauko ta matakala, domin tudu mai tsaye hawansa ya fi saukarsa sauƙi. Mu muka yi akasin haka, don ba mu tambayi kowa ba.

A sama kuwa, ban ga laifin kaina ba da na shagala. Ga hasumiyar Perkins da aka gina a 1934, ga tuddai jere har iya ganinka, kowanne kamar an shanya masa atamfa. Daga kudu can nesa kana hango dogayen gine-ginen Manhattan kamar tsinken ashana. A wurinmu kaka lokacin sabon gero ne da cika rumbu, a nan kuwa bishiyoyi ne ke sallamar ganyensu: idan yini ya gajarta sai sinadarin da ke sa ganye kore ya ƙare, launukan da ya rufe su bayyana. (Akwai titin mota har saman, na ga tsofaffi sun fito daga mota da shayinsu ko gumi babu, ban ji daɗi ba.) Muka yi kusan awa ɗaya muna hoto. Gorar ruwa ɗaya muka zo da ita, don mun ce ai ana sanyi, ita muka raba tsakanin sha da alwalar la'asar.

Wajen sauka ne ganyen da muka zo kallo ya zame mana jarrabawa. Busasshen ganye a kan falalen dutse kamar sabulu yake, ni kuma takalmin zuwa ɗaurin aure ne a ƙafata, ƙasansa sumul. Ganyen kan rufe ramuka da saiwoyi, ya rufe sawun hanyar ma baki ɗaya, sai dai ka bi alamar fenti. Idan ka yi 'yar tafiya ba ka ga fenti ba, tsaya, koma inda ka ga na ƙarshe. Ni dai gaba na yi ta yi, ina cewa ai duk gangare ƙasa ya nufa. Can na zame, na yi targaɗe a idon sawu.

Kafin in miƙe duhu ya fara sauka. Rigar auduga da ta jiƙe da gumi ta koma kamar ƙanƙara a bayana, don auduga ba ta saurin bushewa. Wayata da hoto da sanyi suka cinye batirinta ta mutu, ta abokina saura kaɗan, kuma babu wanda muka gaya wa inda muka tafi. Muka yi ta lalube muna salati, har Allah Ya kawo wata dattijuwa da mijinta, kowanne da fitila ɗaure a goshi. Ta ba ni sandarta ɗaya, suka sa mu a tsakiya har bakin tafki. Ba ta yi mana faɗa ba, takalmina kawai ta haska ta girgiza kai. Da za mu rabu ta ce in mun isa gida mu duba jikinmu saboda kaska, domin ta yankin tana ɗauke da cutar Lyme.

Da shekara ta zagayo na koma a ƙarshen Oktoba, ƙarfe tara na safe, da takalmi mai gurzo, da gora biyu, da rigar sanyi da fitila a jaka, na kuma bar wa maƙwabcina saƙon inda na nufa. Na hau ta Major Welch, na tsaya na kalli gadar da ta ratsa Hudson, wadda aka buɗe a 1924, son raina, na sauko ta matakala na yi azahar a bakin tafki. Idon sawun dai har yau yakan yi mini tsami duk lokacin da sanyi ya shigo.