Mai nuna maka yanke, ya taɓa bin ta?

Wata goma na yi ina koyon ɗinki, sai na ɗauka na gama. Wani abokina ne ya zuga ni, mutumin da bai taɓa riƙe almakashi ba, wai me zan zauna ina yi wa wani bauta. Da na je sallama, maigidana bai ko ɗago daga keke ba. Ya ce, "Ɗan nan, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ba ka iya yanka ba tukuna." Na ci bashi, na sayi keke, na kama shago.

Daga baya na karanta labarin ayarin Donner, na ga kaina a ciki. A 1846, lokacin da iyalai a Amurka ke ɗaura shanu a amalanke suna tafiyar wata biyar ko shida zuwa yamma, wannan ayari ya nufi Kaliforniya. Wani Lansford Hastings ya tallata musu yanke, alhali sa'ad da ya rubuta littafinsa na jagora bai bi ta ba. A kusa da sansanin Laramie sun haɗu da James Clyman, wanda ya fito ta hanyar a kan doki, ya ce musu su bi sawun kowa. Suka ƙi. Makonni suka yi suna sarar daji a duwatsun Wasatch, hamadar gishirin da aka ce kwana biyu ce ta ci musu kusan mako, shanu suka watse don ƙishi. Dusar ƙanƙara ta rufe su a duwatsun Siyera Nebada. Cikin mutum 87, 48 ne suka rayu, wasu ma sai da suka ci naman mamatansu.

Ƙannena, duk wanda ya ce muku ga yanke, ku tambaye shi yaushe ya bi, da kaya ko hannu rabbana. In kuma mai ƙurar hanyar a ƙafa ya ce kada, ku saurara ko da maganar ba daɗi.

Ni tawa dusar ana saura kwana biyar Sallah ta sauko. Shadda yadi goma aka kawo, babbar riga, na zurma almakashi na ɓata wuyan. Keken na sayar na biya mai ita. Bayan Sallah na koma wurin maigida, ya miƙo mini tsintsiya, bai ce komai ba.