Sabuwar bas a taron tsofaffi

Ranar Lahadi na je baje kolin tsofaffin bas-bas a wani fili a wajen Landan. Routemaster ce ta kai ni, jar bas ɗin nan mai hawa biyu, wadda bayanta yake a buɗe inda kwandasta ke tsayawa. Tun 1956 take jigilar fasinja, sai a Disambar 2005 ta yi zirga-zirgarta ta ƙarshe a layi na 159. Na hau sama na zauna, warin gas da tsohon yadin kujera duk ya cika min hanci.

Ina saukowa sai ga wata mai lantarki, fil a leda, ta shigo ko ƙara babu. Wani dattijo kusa da ni ya ja tsaki, wai me ya kawo ta nan?

Da farko ina bayansa. Amma da na ga wata baiwar Allah a keken guragu ta shige sabuwar ita kaɗai, alhali tsohuwar sai dai kallo daga ƙasa, jikina ya yi sanyi. A bar sababbin bas-bas su zo, sai dai a ware musu layinsu can gefe. Hotuna uku sabuwar bas ɗin ta ɓata min, wallahi.