Asabar: duhun da ke bin Ɗan Autan wasana

Yau gaba ɗaya a kan duhu na ƙare. Wasan da nake haɗawa a Godot, manhajar ƙera wasannin kwamfuta da waya, ƙarami ne, yaro ne da fitilar ƙwai yake ratsa lungunan unguwa da dare yana neman akuyar gidansu da ta ɓata. Sunansa a fayil Ɗan Auta. Abin da nake so shi ne allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan da'irar haske a inda yaron yake, duk inda ya nufa ta bi shi. Hoton duhun ba wani abu ba ne, baƙin PNG ne mai rami a tsakiya, gefen ramin ya ɗan dusashe. Zanensa bai ɗauke ni komai ba. Sa shi ya bi yaron ne ya cinye wunin.

Da safe na ɗora shi a CanvasLayer, don a nan ake ajiye duk abin da bai kamata kyamara ta motsa shi ba, irin su maki da ragowar rai. Kyamarar kuwa ɗiyar yaron ce, wato a jikinsa take maƙale tana bin sa, saboda haka kullum yana tsakiyar allo, ramin ma yana tsakiyar allo. Sai abin ya zauna daidai, har na tura wa wani abokina bidiyo.

Ƙanwata ce ta fasa ƙwan. Ta karɓi wayar ta gwada, kuma ita ba ta bin hanya, bango take nufa. Tana kai yaron ƙarshen taswira ta ce, "Yaya, ya shige duhu, ni ba na ganinsa." Dalilin a fili yake. Na sa wa kyamarar, wato Camera2D, iyaka don kada ta nuna abin da ke bayan taswira. Idan ta kai iyakar sai ta tsaya cak, yaron ya ci gaba da tafiya, ramin kuma yana nan tsakiyar allo yana haska ƙasa babu kowa. Ashe da ma hoton ba yaron yake bi ba, allo yake bi, dacewa ce kawai ta haɗa su wuri guda. Ko a tsakiyar taswira ma, idan ka kunna sassaucin tafiyar kyamara, yaron kan ɗan riga ramin gaba lokacin da ya fara gudu.

Wurare biyu ne a irin wannan wasa, kuma kowanne da ma'auninsa. Akwai duniyar wasan, inda yaron zai iya kasancewa a ɗigon hoto (pixel) na 2000 daga hagu. Akwai kuma allo, wanda a wasana faɗinsa 320 ne, tsayinsa 180, ba ya ƙaruwa ko da taswira ta kai daga nan zuwa Agadas. Duk wanda ya kwafi lambar wurin yaron kai tsaye ya ba hoton da ke CanvasLayer, hoton zai fice daga allo ne. Sai an fassara lambar tukuna, kuma Godot na da abin yin haka, get_global_transform_with_canvas, wanda ke gaya maka inda abu yake a kan allo bayan kyamara ta gama nata aikin. Na gwada, ya yi aiki. Amma ban so a ce kowane firam, wato duk lokacin da aka sake zana allo, sai an yi lissafi a kan abin da injin zai iya yi da kansa ba, ga shi kuma dole in kula da wa ke fara motsi tsakanin kyamara da hoton, in ba haka ba hasken ya riƙa rawa.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, na koma kan takarda da biro, batirin kwamfutar ba abin dogaro ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da duhun ya zama ɗa ga yaron, kamar goyo, inda uwa ta sa ƙafa nan yake. Wannan ma da nasa sharaɗin. A Godot ɗa na gadon komai na uba: juyi, girma, har launi. Idan kare ya ciji Ɗan Auta ina sa shi ya yi ja yana ƙyaftawa ta hanyar modulate, abin canza launi, to modulate ɗin na sauka kan 'ya'ya, sai duhun ma ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, mai wasa ya ga taswira duka a banza. Ana iya gyara shi da self_modulate, wanda ba ya sauka kan 'ya'ya, a kan hoton yaron kawai, sai dai na san halina, wata rana zan ƙara wani abu in manta.

Da wuta ta dawo wajen la'asar sai na ɗauki RemoteTransform2D. Wannan ɗan abu ban cika jin ana maganarsa ba, alhali aikinsa ke nan: ka maƙala shi a jikin yaron, ka nuna masa duhun, shi ke nan yana tura masa wurin da yaron yake. Na kashe tura juyi da girma, na bar wuri kaɗai. Duhun yana cikin duniyar wasa, amma ba ya gadon komai. Na ɗaga z_index ɗinsa, lambar da ke nuna wa ke saman wa, don bishiyar darbejiya da katanga kada su leƙo ta samansa, maki kuma suna can CanvasLayer sama da kowa. Ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ban rubuta ba.

Saura girma. Idan yaron ya maƙale a kusurwa, dole hoton ya rufe allo daga wannan kusurwa har ɗaya, wato ninki biyu ta kowane ɓangare. Na mai da shi 640 da 360.

Abokin nawa ya ce me ya hana ni amfani da PointLight2D da CanvasModulate, kayan Godot na haske da duhu, tunda hasken gaske ne, har da inuwa. Gaskiyarsa, kuma ya fi kyau a ido. Amma waɗanda nake yi wa wasan ƙananan wayoyi ne a hannunsu, shi ya sa ma na zaɓi Compatibility, tsarin zane na Godot mai dacewa da ƙananan na'urori, tun farko. Hoto guda na san nauyinsa, inuwar kowane bango kuwa sai na gwada a wayar Umma kafin in yarda da ita.

Bayan isha'i ƙanwata ta sake karɓa, ta zagaye kusurwoyin nan duka ba ta sami abin cewa ba, sai ta ce fitilar ta cika tsayawa wuri ɗaya kamar tocila, ai ta ƙwai lumshewa take yi idan iska ta kaɗa. Gobe zan sa AnimationPlayer, abin motsa hotuna, ya riƙa ɗan rage girman hoton yana ƙarawa, wanda ke nufin 640 ɗin ma sai na ƙara masa gefe.