Mun juyo ƙololuwa tana gabanmu

Asabar da daddare. Cinyoyina sai zogi suke yi, amma ba zan kwanta ban rubuta wannan ba.

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar bukkar da muka kwana don hawan tsauni, mu uku da jagoranmu, kowa da fitila a goshi. Kafin a ɗaga ƙafa sai da ya jera mu ya gwada na'urar da ke ɗaure a ƙirjin kowa, wadda ake gano mutum da ita in dusar ƙanƙara ta binne shi. Ya kuma leƙa jakunkunanmu ya ga shebur da doguwar sandar lalube.

Tun a bakin ƙofa na ga yana ta kallon sama. Ko tauraro ɗaya babu. Gajimare ya kwana a kan tsaunin kamar bargo, kuma a ƙarshen hunturu wannan ba labari mai daɗi ba ne. Dusar da rana ta jiƙa jiya ba ta sake daskarewa sosai sai sama ta washe da dare, zafin da ke jikinta ya fice. In ta samu haka, ɓawon da ke samanta yakan ɗauki mutum har hantsi. Jagora ya caka sandarsa, ɓawon ya fashe nan take, kaurinsa bai kai yatsu biyu ba. Ƙarƙashinsa laushi ne kawai.

Rahoton haɗarin zaftarewar dusa na yau ya ce mataki na 2 da safe, na 3 in rana ta ɗaga. Ma'aunin matakai biyar ne, wanda ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993. Da ina ganin 3 ai tsaka-tsaki ne, sai daga baya na san kusan rabin waɗanda zaftarewar dusa ke kashewa a Suwizalan a wannan matakin take cimma su.

Hawan farko ya yi daɗi, ba abin da zan ce. Wajen bakwai da rabi gajimaren ya yage, rana ta bugi gangaren da ke fuskantar gabas, shi ne kuwa hanyarmu. Ba a yi awa guda ba komai ya canza. Ƙananan dunƙule suka fara gangarowa daga gindin duwatsun da ke samanmu, suna naɗe dusa a jikinsu kamar gammo, kowanne ya bar siririn layi a bayansa. Na damƙi dusar na matse, ruwa ya biyo tsakanin yatsuna. Da na taka gefen sawu, ƙafata ta nutse har gwiwa.

Jagora ya auna gangaren da ya rage mana, digiri 36. Mafi yawan zaftarewa tsakanin 30 da 45 take tasowa. Can a samansa kuma iska ta gina wani leɓen ƙanƙara da ya leƙo waje ba abin da ya tallafe shi.

"Nan za mu tsaya," in ji shi.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ga ƙololuwa ina kallo. Na ce, "Malam, ko minti arba'in ba za mu yi ba fa."

"Hawan ba shi ne damuwata ba, ɗan'uwa. Ta ƙarƙashin wancan za mu dawo da ƙarfe goma sha ɗaya, bayan ya sha rana awa uku da rabi."

Muka juyo. Duk inda za a ratsa gangare, ɗaya bayan ɗaya muke yi, sauran na tsaye a wuri mai aminci sun zuba masa ido.

A ƙasa muka iske tarin wata tsohuwar zaftarewa, ya ce in gwada shebur ɗina. Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan yau. Na zaci dusa zan kwasa, ashe ta cure kamar siminti. Minti biyar ina sara ina haki, ramin bai wuce tsawon hannuna ba. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yakan rayu, bayan nan numfashi ke ƙare masa, kuma masu ceto daga kwari ba za su iso a wannan ɗan lokacin ba. Na dubi abokan tafiyata biyu, na san in abu ya faru su ne za su tono ni.

Da azahar muka ji ruri daga ɗaya ɓangaren kwarin, kamar tsawa daga nesa. Jiƙaƙƙiyar dusa ce ta kwararo cikin wani kwazazzabo, tana tafe a hankali da nauyi, ta kankare har ƙasa, ta fito da laka da duwatsu. Namu gangaren bai motsa ba har muka daina hango shi. Mai yiwuwa da mun haye lafiya. Duk da haka ina goyon bayan jagora, domin da hannuna na matse ruwan nan.

Yanzu na leƙa waje. Taurari sun cika sama, sanyi har cizo yake yi. Jagora ya ce gobe ƙarfe uku za mu tashi.