Abin da na koya wajen haɗa wa 'yan sanda darasi ta tauraron ɗan Adam

Aikina haɗa na'urori ne: faranti a kan rufi, kamara, lasifika, sannan in tabbatar malamin da ke magana daga Akra ana jin sa a arewacin Gana. Amfanin abin a fili yake. Tun da jihohin Gana suka koma 16 a 2019, rundunonin jiha suka ƙaru, kuma ɗauko jami'i daga Bawku zuwa makarantar horar da 'yan sanda ta Tesano a Akra don darasin awa biyu asarar kuɗin mota ce da barin caji ofis ba kowa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, kowa a unguwannin Nima da Mamobi na Akra ya ga darajar hanyar da ba ta bi ta teku.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun ɗalibai. Tauraron da irin wannan faranti ke kallo yana can sama, nisan kusan kilomita 36,000, don haka kafin tambaya ta je amsa ta dawo an yi kamar rabin daƙiƙa. Ɗan lokaci ne, amma ya isa. Malam zai ce, "Akwai tambaya?" Ya ji tsit, sai ya wuce. Alhali kurtu a can yana ta tattara ƙarfin hali, domin an horar da shi kada ya katse na gaba da shi, balle babban jami'in da fuskarsa ta cika allo. Wannan yana damuna ƙwarai, don wanda bai fahimci yadda ake adana shaida ko ɗaukar jawabin mai ƙara ba, talaka ne zai ɗanɗana kuɗarsa a kotu.

Darussan da suka yi armashi duk akwai sajan mai haƙuri a ɗakin can, wanda ke karɓar tambayoyi a takarda, ya karanto su da bakinsa, wani lokaci ma ya sake bayani da Hausa ko Twi bayan an kashe allo. Shi ya sa yanzu kafin in gwada sauti nake tambayar wa zai zauna da ɗaliban.

Ruwan sama kuma ba a yi masa gardama. Hadari mai ƙarfi yana raunana siginar, hoto ya daskare, ga ɗauke wuta. Da damina muna naɗar kowane darasi, mu ajiye janareta da mai, mu kuma roƙi malamai su faɗi mafi muhimmanci tun a farko.